A Nemi Sauƙin Magani, Amma A San Hannun Da Aka Karɓa

  Gaisuwa ga mutanen Alkalawa, da Limawa, da Rumde, da Luggere, da Doubeli, har cikin garin Yola, da 'yan'uwanmu na tsallaken Binuwai ta wajen Girei. Wanda yake jin mu daga kwance, Allah Ya tashi kafaɗunsa. Mai jinya kuma, sannu da ɗawainiya.

Yau maganar magani za mu yi. Tsadarsa, da inda ake samun rangwame, da wannan sabuwar hanya ta saye ta waya da ta shigo mana.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wani dare bayan magariba ina tsaye a wani kantin magani a nan Jimeta. Sai ga wani dattijo ya shigo. Ya cire hularsa, ya zaro takardar likita daga cikinta. An ninke ta huɗu, gumi ya sa ta yi laushi. Yarinyar da ke kan kanta ta duba, ta danna kalkuleta, ta faɗi kuɗi. Dattijon nan ya yi shiru. Ya sa hannu a aljihu, ya ƙirga abin da ke ciki, ya sake ƙirgawa. Can ya ce, "'Yata, ba ni na kwana biyar. In Allah Ya hore, na dawo." Ta jawo almakashi za ta yanka katin.

Maganin hawan jini ne, jama'a. Irin wanda ake sha kullum, ba fashi.

Allah Ya sa mai harhaɗa magungunan kantin yana kusa. Ya ce, "Baffa, mu ga takardar." Ya karanta. Ya juya ya ɗauko wani kwali daga kan kanta ta ƙasa. Ya ce, "Wannan da wancan abu ɗaya ne a ciki, ƙarfinsu ma ɗaya. Kamfani ne ya bambanta." Dattijon ya jujjuya kwalin a hannunsa. Ya ce, "Yaro, ba jabu ba ne kuwa?" Aka nuna masa lambar NAFDAC, aka nuna masa ranar ƙarewar wa'adi. Kuɗin da ya ƙirga na kwana biyar, da ɗan ciko kaɗan, suka ɗauke masa na wata guda.

Tambayar dattijon nan ta zauna mini a rai. Yana son sauƙi, yana kuma tsoron jabu, kuma duk biyun yana da gaskiya. Shi ya sa maganata ta yau guda ɗaya ce, zan kuma yi ta maimaita ta. A nemi sauƙi, amma a san hannun da aka karɓa.

To, me ya kai mu ga yanka kati da almakashi?

Yawancin maganin da muke sha daga waje yake zuwa, musamman Indiya da Sin. Wanda ake yi a gida ma, sinadaransa da dala ake sayo su. A 2023 aka cire tallafin mai, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. A watan Agustan 2023, kamfanin GSK, mai yin Augmentin da abin shaƙar masu asma na Ventolin, ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya. Masu asma ba sa bukatar a ba su labarin abin da ya biyo baya. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a wani umarni na yafe haraji a kan kayan haɗa magani na shekara 2. Mataki ne mai kyau. Sai dai mu a Adamawa muna da namu ƙarin nauyin. Muna can ƙarshen hanya. Kwalin da ya taso daga Legas, ko Anacha, ko Kano, kafin ya iso Jimeta ya sha kuɗin mota, kuma mai ciwo ne zai biya.

Wannan ke nan game da dalili. Yanzu mu zo kan mafita.

Sauƙi mafi girma yana cikin sunan maganin. Ku saurara da kyau, don nan ne aka fi asarar kuɗi. Kusan kowane magani suna biyu gare shi. Akwai sunan da kamfani ya raɗa masa, shi ne ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Akwai kuma sunan sinadarin da ke aiki, wanda aka fi rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Norvasc sunan kamfani ne, abin da ke cikinsa amlodipine ne. Glucophage na masu ciwon suga, abin da ke cikinsa metformin ne. Ventolin kuwa salbutamol ne. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani akan ba shi shekara 20 shi kaɗai ke da ikon yin sa. Idan wa'adin ya cika, wasu kamfanoni su ma su yi, farashi ya faɗo. Kamar shinkafa ce daga gona ɗaya. Wata an zuba ta a buhu mai ado, wata a buhun da ba rubutu sosai. A tukunya duk shinkafa ce.

Mu kuma mun ɗauka cewa sai na Ingila ko na Faransa ne mai kyau. Ka ji mutum yana cewa, "Ni a ba ni na waje." Alhali muna da kamfanoni a gida da suka daɗe suna aiki, irin su Emzor, da Fidson, da May & Baker. Kamfanin Swipha na Legas ma har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance wasu magungunansa ta amince da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka idan likita zai rubuta maka magani, buɗe baki ka yi magana. Ka ce, "Likita, ƙarfina kaɗan ne. A rubuta mini sunan sinadarin." Ba abin kunya ba ne. Likita ba ya ganin cikin aljihunka sai ka faɗa masa. Idan ka je kanti, ka nemi ganin mai harhaɗa magunguna da kansa. Ka tambaye shi, "Akwai irinsa mai sauƙi, mai rajista?"

Amma a nan akwai kashedi. Kada ka canza da kanka. Ƙarfin ƙwaya ya bambanta, mai lamba 5 daban, mai lamba 10 daban. Akwai mai narkewa nan take, akwai mai sakin ƙarfinsa a hankali har tsawon yini. Masu farfaɗiya da masu yin allurar insulin su suka fi kowa bukatar kiyaye wannan. Su ba a yi musu tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan sai da sanin likita. Haka nan raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, ko sha yau a huta gobe. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin garau, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta taɓu. Kuɗin wankin ƙoda na mako ɗaya ya isa sayen maganin watanni masu yawa.

Sai kuma abin da ƙafa za ta iya yi. Farashin magani ba ɗaya ba ne a Jimeta. Kanti biyu a layi ɗaya, kowa da kuɗinsa. Uwargida da za ta zaga kasuwar Jimeta tana taya tumatir a wuri uku, me zai hana a yi wa maganin maigida haka? A tambaya a ɗakin magani na asibiti, ko na Ƙwararru ne ko na Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. A tambaya a manyan kantuna biyu ko uku. Mai ciwon da ba ya rabuwa da magani, in da hali ya sayi na wata ɗaya ko biyu a dunƙule. Sayen ƙwaya bibbiyu ya fi cin kuɗi, ga kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa.

Kada a manta da inshorar lafiya. Tun 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, kuma jiharmu tana da tata hukumar, ASCHMA. A tsarin ma'aikatan tarayya, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai mutum ke biya. Na san ƙorafin da ake yi, cewa wani lokaci ka je a ce babu, ka fita waje ka saya. Gaskiya ne, yana faruwa, kuma hakkin hukuma ne ta gyara. Duk da haka mai hawan jini ko ciwon suga ya je ya ji sharuɗɗan shiga. Maganin tarin fuka da na cutar HIV kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Duk wanda ke sayen su a kasuwa, kuɗinsa yake zubarwa.

Masu sauraro, yanzu mun iso kan waya.

Yaranmu sun iya. Kana zaune a tsakar gida a Alkalawa, ɗanka zai duba maka farashin magani a Legas da Abuja cikin minti biyu. Wannan alheri ne, ba na musu. Ko ba ka saya ba, ka san kuɗinsa, ba mai yi maka ɗanyen ciniki. Akwai kuma magungunan da sai ka zaga garin nan kaf ba ka samu ba, irin na ciwon daji da wasu na ƙwaƙwalwa. Manyan kantunan magani masu rajista suna da shafukansu a intanet, suna kuma aikowa. Ga mai irin wannan lalura, hanyar ta zama rahama.

Sai dai wayar da ta kawo kanti mai rajista, ita ce ta kawo ɗan damfara. A Facebook da WhatsApp da TikTok kowa likita ne. Hoto mai kyau, farashi rabin na kasuwa, sai lambar asusu. Ba adireshi, ba sunan mai harhaɗa magunguna, ba mai tambayar ka takardar likita. Wani ka tura kuɗi ya rufe layi. Wannan ma da sauƙi, kuɗi kawai ka rasa. Wanda ya fi muni shi ne wanda zai aiko maka da kayan.

Ga abu na biyu da na gani. Wata maƙwabciyarmu tana jinyar mahaifiyarta mai ciwon suga. Ta ga tallan insulin a waya da rangwame mai yawa. Ta tura kuɗi, aka ce an ba direba saƙo. Sai da aka kwana biyu a hanya. Lokacin bazara ne, watan Afrilu, kun dai san ranar Yola. Na raka ta tasha karɓo saƙon. Aka buɗe but ɗin mota, aka jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin buhuna. Da na taɓa ta, ɗumi na ji kamar burodin da aka fitar daga gidan wuta. An sa ƙanƙara a ciki, amma ta daɗe da zama ruwan ɗumi. Kwalin ya jiƙe, rubutun ya fara gogewa. Ta dube ni ta ce, "Hamma, anya zan yi wa Dada wannan?" Muka kai wa mai harhaɗa magunguna. Ya ce kada a kuskura. Haka ta sake neman kuɗi ta saya a gari.

Ku lura, watakila maganin nan na gaske ne lokacin da ya bar hannun mai shi. Hanya ce ta kashe shi. Insulin a firji ake ajiye shi, zafi yana karya ƙarfinsa, kuma ido ba ya gane wanda ya lalace. Yawancin ƙwayoyi ma, in kun duba jikin kwali, an rubuta a ajiye su a inda zafi bai wuce digiri 30 ba. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu muna haura 40. Wanda ke zaune a ƙasar sanyi yana ba da shawarar sayen magani ta intanet bai san wannan ba. Mu mun sani. Shi ya sa tiren mai talla da ke yawo a rana tsaka a tasha yake ba ni tsoro, ko da abin da ke kansa na gaske ne. Shi ya sa kuma wanda ba shi da wuta a gida ya kamata ya tambayi ma'aikacin lafiya yadda ake ajiye insulin a cikin sanyin tulu ko randa ba tare da ruwa ya taɓa shi ba.

Maganar jabu kuwa ba tatsuniya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017, a ƙasashe irin namu, magani 1 cikin 10 ko dai jabu ne ko mara inganci. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha faɗin cewa jabun insulin ne ya kashe ƙanwarta. Iyaye mata ba su manta da My Pikin ba, maganin haƙoran jarirai da ya hallaka yara fiye da 80 tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. A farkon 2025 NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani na Idumota da Anacha da Aba, ta kwashe kaya tirela-tirela. A Kano ma an tashi 'yan sarin magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya, don a riƙa sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Jabun maganin zazzabin cizon sauro ba ya bukatar guba kafin ya yi kisa. Ya isa a ce garin alli ne a ciki. Uwa tana ba yaro, tana jiran sauƙi, zazzabi yana cin sa.

A nemi sauƙi, jama'a, amma a san hannun da aka karɓa.

To, yaya ake sanin hannun? Hukumar da ke kula da kantunan magani ita ce PCN. Tun 2021 ta fitar da ƙa'idojin sayar da magani ta intanet. Dole kanti ya yi rajista, dole a sami ƙwararren mai harhaɗa magunguna da ke ɗauke da alhakinsa. Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ka tambaya: ina kantinku yake, a wane gari, a wane titi? Wane ne mai harhaɗa magungunanku, zan iya magana da shi? Yaya za ku aiko, kwana nawa zai yi a hanya? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Idan maganin na takardar likita ne, aka ce maka ba sai da takarda ba, to ka ja da baya. Wanda bai damu da takardarka ba, bai damu da ranka ba. Idan kuma ragin ya wuce hankali, ka tambayi kanka a ina ya samo. Ɗan kasuwa ba ya sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro.

Idan kaya ya iso, kada a yi gaggawar ɓallewa. A duba lambar NAFDAC. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a ga ko an kankare ko an liƙa wata takarda a kai. Lambar da ke jikin kwali ta zo ɗaya da ta jikin katin da ke ciki. Magungunan zazzabin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta da yawa suna da wurin kankarewa kamar katin waya. Ka kankare, ka tura lambar ta saƙon tes, amsa za ta zo ko na gaske ne. Tun 2010 ake wannan, amma mutum nawa ne a cikinmu ke yi? NAFDAC tana kuma da kundin magunguna masu rajista a intanet, ana kiran sa Greenbook. Yaron da ya iya nemo maka farashi a waya, ya iya duba maka wannan ma.

Ina da magana da masu kemis na unguwa. Ku ne na kusa da talaka. Ku ake buga wa ƙofa da tsakar dare, ku ke ba da bashi. Ba mai raina wannan. Amma lasisinku na ƙananan magunguna ne, ba na allurai da maganin hawan jini da suga ba. Idan abu ya fi ƙarfinku, ku nuna wa mutum hanya. Kuma ku ji tsoron Allah a wurin sari. Kun san hannun da kuke karɓa fiye da yadda mai saye zai taɓa sani.

Likitocinmu, ku taimaka da alƙalaminku. Ku rubuta sunan sinadari, ku tambayi majinyaci abin da zai iya. Takardar da ta fi ƙarfin aljihu a cikin hula take ƙarewa.

Ga hukuma kuma, akwai abin dubawa a Indiya. Tun 2008 gwamnatinsu ta fara buɗe kantunan da ake kira Jan Aushadhi, masu sayar da magungunan da ba na manyan sunaye ba a farashi mai rahusa. Yau sun haura 10,000. Gwamnati ke saye da yawa, a gwada ingancinsa, a raba wa kantunan. Me zai hana a gwada ko guda ɗaya a kowane babban gari a Adamawa? Ɗaya a Jimeta, ɗaya a Mubi, ɗaya a Numan, ɗaya a Ganye. A fara da maganin hawan jini, da suga, da asma. Dattijon da na ba ku labari ya yi sa'a ya tarar da mai harhaɗa magunguna a kusa. Bai kamata ran mutum ya rataya a kan irin wannan sa'ar ba.

Masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Ga roƙona gare ku a daren nan. Ku ɗauko ledar maganin da ke rataye a ƙusa, ko take ƙarƙashin matashin Baffa ko Dada. Ku fito da kwalayen a gaban fitila. Ku karanta ƙananan baƙaƙen nan, ku rubuta sunan sinadarin da ƙarfinsa a takarda. Ku duba wa'adi. Wanda ke ajiye kusa da taga ko a cikin mota, a matsar da shi inuwa. Gobe in Allah Ya kai mu, ku tafi da takardar wurin likita ko mai harhaɗa magunguna, ku tambaya ko akwai irinsa mai sauƙi. Ku kuma, samari da 'yan mata masu riƙe da waya, kafin ku tura kuɗin maganin iyayenku, ku kira lambar ku ji muryar mai kantin, ku tambaye shi inda yake.

Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah Ya ba ku lafiya mai ɗorewa. Masu jinya, Allah Ya buɗa muku. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Mu kwana lafiya.